Keken Hambali Marar Kariya

Ku matso, ku rage murya. Wanda ya san zai kasa fita fitsari shi kaɗai ya tashi tun yanzu, don ba zan raka kowa ba.

Kun ga tsohon keken nan mai tambarin zabuwa da ke jingine a zaure? A Tudun Maƙera ake ƙera irinsa, tun zamanin Turawa. Wani maƙeri mai suna Nomau ne ya fara. Da faci ya soma, ya koma walda, har ya kai yana haɗa keke sukutum da hannunsa. Da ya tashi gina masana'anta bai sami fili ba sai a bakin kwarin da ke yamma da gari. Ashe a kan hanyar mutanen ɓoye ya kafa tubali. Ya gina da rana, ya tarar a rushe da safe. Daga ƙarshe dai suka daidaita. Shi ya riƙe fili. Su kuma, tunda ya tare musu hanya, duk keken da ya fito daga ƙofarsa zai goya su su haye kwari idan almuru ta yi. Shi ya sa kariyar keken Zabuwa, mazaunin nan na baya, take da faɗi kamar kujerar tsakar gida. Mai hawa yakan ji bayan keke ya yi nauyi a gangara, ya koma sakayau a kan tudu. Ba mai waiwaye, kuma ba wanda aka taɓa cuta.

Nomau ya rasu, ɗansa ya riƙe, shi ma ya bi shi. Abu ya faɗo hannun jikansa Hambali.

Hambali mutum ne mai zuciya a kusa, kuma gaskiya yana da abin jin haushi. Samari sun daina sayen Zabuwa. Sun koma kekunan waje marasa kariya, suna kiran nasa keken 'yan itace. In ya shiga kasuwa ba mai cewa Hambali, sai dai jikan Nomau, kuma wannan ya fi komai ƙona masa rai. Sai ya sa aka ƙera sabon samfuri, siriri, ja wur, babu kariya. Ko ramin da za a ɗaura ta bai bari ba.

Goggonsa Tabawa, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Nomau, ta ji labari. Bayan la'asar ta dogaro sandarta har cikin masana'anta.

"Hambali, ina kariya?"

"Na cire, Goggo."

"Mayar."

"Ba zan mayar ba. Sana'a na mutuwa a hannuna, ke kuma kina nema wa aljanu wurin zama."

"Kul, kada ka ƙara kiran sunansu a nan. Alkawari ne."

"Ni na ɗauka? Da bakina?"

"Ka iya cin gadon fili, gadon alkawari ne ya fi ƙarfinka? Ubanka bai kai ka baki ba, amma ya fi ka kunya."

Maganar ta soke shi. Ya buga sirdin keken da tafin hannu. "To yau zan haye kwarin a kansa, da almuru, ni kaɗai. Mai son goyo ya fito ya nuna mini inda zai zauna."

Tabawa ta dube shi sama da ƙasa. "Za su nuna maka," in ji ta. Ta juya ko sallama babu.

Ni abin da ke ba ni haushi da Hambali, ba wai bai sani ba ne. Ya sani sarai. Shi kansa ya sha jin nauyin nan a bayan kekensa. Taurin kai ne kawai, da son a ce shi ma ya isa.

Rana ta yi ja, ya hau. Ya bar gari a baya, ya soma gangara. Tsuntsaye suka yi tsit. Sarƙar keken ma ta daina ƙara. Can sai ƙararrawa ta kaɗa, alhali hannayensa duka suna kan birki.

A gindin wani marke ya hango mutum a zaune. Tsoho ne ɗan mitsitsi, gemu fari har ciki, ya cusa ƙafafunsa cikin riga.

"Jikan Nomau, goya ni."

Muryar ba ta tsoho ba ce. Irin ta yaron da ya fara koyon magana ce. Tsikar jikin Hambali ta tashi, amma sunan da aka kira shi da shi ya sa haushi ya danne tsoro. Ya dafa ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Sunana Hambali."

"Goya ni."

"Ba ka gani ne? Babu kariya. Na cire, kuma ba mai mayarwa. Ku taka da ƙafarku kamar kowa."

Tsohon ya leƙa bayan keken. Ya daɗe yana kallo.

"Kakanka bai ce kariya ba," in ji shi. "Goyo ya ce."

Hambali ya ja tsaki, ya danna feda, ya wuce. Bai waiwaya ba. Bai yi nisa ba ya ji ɗumi a tsakiyar bayansa. Sai wasu siraran hannaye suka zagaye wuyansa. Numfashi na busa masa ƙeya, yana warin nono. Ya sunkuyar da kai. Ƙafafu biyu ne suka sarƙe a kan cikinsa. Tafinsu sumul, ja-ja, babu faso ko ɗaya. Ƙafafun da ba su taɓa taka ƙasa ba.

Duk addu'ar da ya sani ya karanta. Ya yi ta tuƙi, gumi na shiga idonsa, har ya hau tudu, daidai inda nauyi ya saba barin mutane. Nauyin na nan.

"Mun haye," in ji Hambali. "Sauka."

"Daga kariya ake sauka. Wanda aka goya a baya sai an yaye shi."

"To yaushe za ka isa yaye?"

Abin ya gyara kwanciya, ya ɗora kunci a kafaɗarsa. "Ni ne autan gidanmu. Ranar da kakanka ya kafa tubali aka yi sunana."

Hambali ya isa gida da ransa, amma a duƙe. Washegari ya sa aka walda kariya a kan kowane sabon keke. Ya koma gindin marke ya roƙa, ya yi ashar, ya sake roƙo. Malamai suka yi tofi, suka yi hayaƙi. Ba wanda ya ga komai a bayansa, kuma ba wanda ya iya miƙar da shi.

Tabawa ta zo ta same shi rub da ciki a tabarma, don ba ya iya rigingine. Da masifa ta shigo, amma da ta gan shi sai hawaye suka riga ta. Ta jefa masa wani ƙullin tsumma.

"Ungo. Majanyin da uwarka ta goya ka da shi ne. Ɗaura, zai rage maka nauyi."

Ya ɗaura.

Masana'anta na nan har yau, kuma kowane keke da kariyarsa. In kun je Tudun Maƙera za ku ga wani dattijo a ƙofa, a duƙe, da majanyi ɗaure a kan babbar riga, yana jijjiga a hankali. Kada ku yi dariya. Kada kuma wani cikinku ya bi kwarin nan shi kaɗai da almuru, balle a kan keken da ba shi da wurin baƙo. Bara da na wuce ta wurin na gan shi yana dafe kafaɗa yana cije leɓe, rigar ta ɗan jiƙe da jini. Tabawa ta ce abin ne ya fara haƙori.