Farcen da Umaima Ta Lasa

La'asar ta yi sanyi a Yalwawa, inuwar duwatsu ta fara sauka a kan gidaje, Malam Abdulkahar ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya fito da akwatinsa. Malamin sakandare ne, amma abin da ya shiga ransa shi ne tara ƙasusuwan manyan dabbobin dā, waɗanda ake kira dainoso, da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Direbobi ne ke kawo masa daga wajen Agadas. Wani lokaci na gaske, wani lokaci ƙahon akuya ne aka goga da ƙasa.

Safa, ƙaramar 'yarsa, ita ke zama kusa da shi.

"Wannan haƙori ne, Abba, ga gefensa kamar zarto. Wancan kuwa farce ne, ga kwarin da ya bi jikinsa."

"Kun ji idon Safa!" in ji shi, yana dariya.

Yayarta Umaima tana bakin murhu tana tankaɗe. Ita ke wanke masa kaya, ita ke ajiye masa ruwan alwala, amma ba ta taɓa jin ya yabi hannunta haka ba. Duk lokacin da ta matso, sai ya ce, "Yi hankali, hannunki da gari."

Ran nan an kawo masa wani farce baƙi, lanƙwasasshe kamar lauje, ya fi tafin hannu tsawo. Ya juya shi yana yi wa Safa bayani. "In kina shakka, harshe ake sa wa. Dutse zamewa yake, ƙashi kuwa kama harshe yake."

Matarsa Hindatu ta ɗago daga tsintar wake. "Malam, ƙashi fa abincin aljanu ne. Kar a koya wa yara lasar kwanon wasu."

"Haba Hindatu, wane aljani ne zai ajiye tuwonsa shekara miliyan nawa?" Aka kira magariba, ya miƙe. "Gobe Safa za ta gwada. Kar kowa ya taɓa min shi."

Gidan ya yi tsit. Hindatu da Safa suka shiga ɗaki salla. Umaima ta tsaya a kan akwatin, ƙirjinta yana zafi. Ta ɗauki farcen, ba bisimilla, ta ɗora shi a harshe. Ya kama. Sai da ta sa hannu biyu ta ja sannan ya saki.

Dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi kafin uwar ta sallame. Na biyu ya biyo, na uku ya fasa tulu. Aka leƙa waje, ba kowa a layin sai tumaki.

Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana. Umaima ta daina ci. Ta koma gefen akwatin ta zauna, ta rungume gwiwa, idonta a kan ƙanwarta. In Safa ta gitta, sai wani gurnani ya fito daga wuyanta, da wata murya ta tsohuwa mai cewa, "Nawa ne. Nawa ne ni kaɗai." Hindatu ta karanta duk abin da ta sani, ta tofa, ta shafa mata. A rana ta huɗu ta aika garin Aujara aka ɗauko nata kawun, Malam Sharhabilu, dattijon da ya saba da irin wannan.

Ya iso bayan la'asar. Bai sha ko ruwa ba. Ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu a hankali, ya daɗe, har jikinta ya soma rawa.

"Ya isa, Malam! Ƙona ni kake!" in ji muryar tsohuwar.

"Wace ce ke?"

"Mai farcen. Tun kafin a haifi kakan kakanka nake lasarsa a cikin yashi. Aka tone, aka sa a mota, na biyo abina. Ban taɓa kowa ba sai da ta sa min harshe a kwano."

"To ta yi kuskure. Fita."

Muryar ta yi dariya. "Ina zan fita? Na samu ɗaki da wuta a hure. Abin da nake ji game da farcena, shi take ji game da ubanta. Mun dace."

Safa ta ɓoye fuska a zanen uwarta. Malam Sharhabilu ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya, har aljanar ta yi ƙara.

"Tsaya! A binne min shi inda ƙafa ba ta bi, kar a sake tonowa, in tafi. In ba haka ba yarinyar ta zama madadinsa. Amma tambayi mai gidan. Yarinyar ma ta san ba zai bayar ba."

Dattijon ya juya. "Abdulkahar, ka ji."

Malam Abdulkahar ya dubi akwatin. Shekara goma sha biyu yana neman irin wannan farcen. Shirun da ya yi bai fi numfashi uku ba, amma kowa a tsakar gidan ya ji shi.

"Malam!" in ji Hindatu.

Ya zabura, ya naɗe farcen a tsumma. Shi da dattijon suka hau bayan dutse, suka haƙa rami mai zurfi, suka rufe. Da suka dawo Umaima ta yi atishawa uku ta sulale a jikin uwarta. Aka kira magariba, rufin bai motsa ba.

Washegari ta sha kunu da kanta. Uban ya zo ya tsuguna a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Sannu, Umaima. Ba ki san abin da ya faru ba, ko?"

Ta ajiye ludayin. Muryarta ce tata, ƙarama.

"Ina ciki, Abba, ina jin ku duka. Har shirun da ka yi na ji."