Muryar da Ta Tsallako Katanga

"Kada ka goge, Hambali! Don girman Allah kada ka goge!"

Hambali ya ɗago kai ya dube ta. Tun da suka fara zance a zauren nan na Fagge, shekara biyu ke nan, Ruwaida ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai yau.

"Ruwaidata, kin fa ji abin da Baffa ya ce. Ko in goge, ko kada dangina su tako ƙofar gidan nan da maganar aure."

"Na ji. Ai a gabana ya faɗa."

"To me kike so in yi?"

"Ka ɓoye! Ka ce masa ka goge, ka ajiye mini..."

"In fara neman aurenki da ƙarya?"

Sai hawaye suka zubo mata.

Shi Hambali sana'arsa ɗaukar sauti, irin sana'ar da dattawan unguwa har gobe ba su gane kanta ba. Yini yake yawo da makirufo mai gashi kamar ɓera, yana naɗar kukan adaidaita sahu a Bata, da cinikin 'yan kasuwar Kwari, da kalangun mahauta, da bandirin 'yan zikiri. Sai ya koma situdiyon abokinsa Felix a Sabon Gari ya harhaɗa su, mutane su zauna su rufe ido su saurari Kano.

Wata Juma'a bara, bayan la'asar, ya tsaya a lungun bayan gidan su Ruwaida yana ɗaukar kukan tattabaru. Sai wata murya ta tsallako katanga, ƙasa-ƙasa, bandiri na bin ta a hankali. Ya ɗauka bege ne irin wanda ake yi ko'ina, a lokacin bai ma gane mai muryar ba. Ya bar na'ura tana juyawa.

Ashe Malam Modu ne, mahaifin Ruwaida. Kuma ba bege ba ne. Ƙasida ce da shehinsa ya ba shi a Borno tun yana saurayi, baki da kunne, da sharaɗin ba a rubuta ta, ba a naɗe ta, ba a ba wanda ba shi da izini. Saboda ita Malam Modu ya ƙi duk wata na'ura. Ko saƙon murya bai taɓa aikawa a waya ba. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, bai kuwa ba kowa ita ba.

Makon jiya Hambali ya saka wannan sautin a taron sauraro. Wani tsohon muridi da ke wurin ya miƙe yana salati, bai zame ko'ina ba sai wajen Baffa, ƙanin marigayi.

"Ba ka gane ba ne," Ruwaida ta ce, tana share ido da gefen hijabi. "Fuskarsa ina gani, akwai hoto. Amma muryarsa... Hambali, na fara manta muryar Baba! In na rufe ido sai in ga bakinsa yana motsi, babu abin da ke fita. Kullum haka. Jiya ina wanke-wanke na ji kamar ya yi gyaran murya a bayana, na juyo, ba kowa. Na yi ta ƙoƙarin kamo yadda sautin yake, ya gudu."

"Rabin raina..."

"Kai ka ji shi, baƙin Sabon Gari sun ji shi. Ni 'yarsa ce kaɗai za a hana?"

Hambali ya sunkuyar da kai. "Tun da na san mene ne ban ƙara kunnawa ba. Wallahi tsoronsa nake ji. Zan jira ki zuwa gobe, ba zan taɓa ba sai kin zo. Amma ƙarya kam ba zan yi ba."

Ta shige gida ko sallama ba ta yi masa ba. Ruwaida akwai zuciya, duk gidan an sani.

Inna Fanta na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Na ji ku. Zauren nan ba ya riƙe magana."

"Inna, ke ma bayan Baffa za ki bi?"

"Bayan ubanki zan bi."

"Ai ya tafi! Me zai rage shi in na ji sau ɗaya?"

Inna ta ajiye faranti. "Shekara talatin da huɗu ina aurensa. Duk Juma'a in ya ɗauko bandirin nan, ni da kaina nake tashi in koma kicin in kama daka, don kada kunnena ya ɗauki abin da ba a ba ni ba. Bai taɓa cewa in tashi ba, ni na ga ya dace. Yanzu don ba ya nan sai in je in ɗauka a bayan idonsa?"

"Ba ki kewar muryarsa?"

"Ke!" Inna ta daka mata tsawa, sai kuma muryarta ta karye. "Kin ɗauka ke kaɗai ce? Ni da ko ƙofar ɗakinsa ba na iya dubawa in la'asar ta yi?"

Ruwaida ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta, suka yi kukan tare, shinkafa ta zube kaji suka samu.

Washegari da hantsi suka hau adaidaita su biyu, ita da Inna, sai Sabon Gari. Inna ba ta taɓa shiga situdiyo ba. Felix ya tarbe su, ya rusuna har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Mama. Allah ya jiƙan Malam."

Ya ja musu kujeru ya fita, ya jawo ƙofa. Ɗakin ya yi tsit, bangonsa duk soso, har mutum yana jin bugun zuciyarsa.

Hambali ya nuna allon kwamfuta. Wani dogon zane ne kore, mai tudu da kwari.

"Inna, ga shi. Daga nan zuwa nan, inda na sa alama, ƙasidar ce, minti tara."

Ruwaida ta zuba wa zanen ido. Muryar Baba ke nan, a kwance, ana ganin inda ya ja numfashi da inda ya ɗaga. Abin saƙalawa a kunne na rataye kusa da hannunta. Miƙa hannu kawai za ta yi. Inna ba za ta hana ta ba, ta ga haka a fuskarta, Hambali ma ba zai hana ba. Kowa ya bar ta da Baba.

Yatsunta suka taɓa wayar abin, ta janye su.

"Wanne zan danna?" ta tambaya da ƙyar.

"Don ki ji?"

"Don in goge."

Ya nuna mata. Ta ce bismillah, ta danna. Wajen ƙasidar ya ɓace daga koren zanen. Hambali ya ciro ɗan katin na'urarsa ya goge na ciki, ya goge wanda ya adana, duk a gaban idonsu. Ruwaida ta ji kamar yau aka fita da gawar.

Inna ce ta miƙa yatsa. "Wancan ɗan guntun da ya rage a ƙarshe fa?"

"Wannan bayan ya ajiye bandirin ne, Inna. Babu ƙasida a ciki, shi ya sa ban sa alama a kansa ba. Ko a taron ban saka shi ba, na yanke. In goge shi ma?"

Inna ta juyo ta dube shi.

"Abin da shehinsa ya ba shi mun mayar masa. Wannan ban san ya hana kowa ba. Ka turo manyanka ranar Asabar, ni zan yi wa Baffansu magana." Ta gyara mayafi. "Kunna mana."

Lasifika ta yi huci. Kukan tattabaru, ƙarar adaidaita can nesa, daka na tashi daga cikin gida. Sai tari, sau biyu, da ƙarar bandiri ana jingina shi da bango.

Inna ta damƙe hannun 'yarta.

"Ruwaida..." Muryar ta cika ɗakin, a shaƙe, da ɗan gargadar nan tasa ta mutanen Borno. "Ruwaida! Kawo mini ruwa, 'yar albarka, maƙogwarona ya bushe."

Ruwaida ba ta san sanda ta miƙe tsaye ba.

"Na'am, Baba," ta ce. "Ga ni nan zuwa."