Juma'ar da Sawudatu Ta Ara wa Lariba

A shekarar da Gana ta samu 'yanci, nas Sawudatu ta fara ganin Masahudu, mai ba da magani a asibitinsu, ta tagar ɗakin magani. Ya miƙo mata kwalbar kwinin, ya manta bai saki ba.

Lokacin Turawan sistoci sun tattara sun tafi, nas biyu kacal aka bari da gado arba'in: ita da aminiyarta Lariba. Hira ina lokacinta? Sai 'yar takarda a ƙarƙashin tiren magani.

"Hasken idona, kin ci abinci kuwa?"

"Na ci ƙamshin ayodin, Malam."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa Mma Ajara ta unguwar Nyohini kuwa ta kafe. "Yarinyar da ba ta taɓa zuwa gaishe ni ba? Ba da ɗana ba."

Ta yaya za ta zo, 'ya'yana? Juma'a ce kaɗai hutunta, kuma kowace Juma'a Lariba na kuka. "Ƙawata, jikin uwata ya tashi, riƙe mini aikin."

Wata huɗu tana riƙewa, ƙafafunta har kumbura suke yi.

Ran nan aka kwantar da Mma Ajara, zazzaɓi ya kayar da ita. Sawudatu na goge mata jiki, tsohuwar ta ce, "'Yata, ina Lariba? Yarinyar kirki, duk Juma'a tana gidana tana tuƙa mini tuwo. Ita nake wa ɗana sha'awa."

Tsumman ya faɗi cikin kwano. Sawudatu ta gama aikinta, ta rubuta takardar barin aiki. Masahudu ya tare ta a baranda.

"Ka sani?"

"Wallahi Juma'a a nan nake yini, ke shaida ce. Sawuda, in kin tafi wa zai juya Mma?"

Ta tsaya. Kwana tara tana jinyar tsohuwar, takardar na aljihu. Ranar sallama Mma Ajara ta kama hannunta.

"Masahudu ya gaya mini. Ashe tuwon da na ci, da ƙafafunki aka biya shi. Yafe mini, 'yata."

Aka ɗaura auren Sawudatu da Masahudu bayan sallar Juma'a, asibiti ya ƙaro nas ɗaya. Lariba ta zo da kuka tana neman gafara. Amarya ta dube ta.

"Na yafe. Amma ƙawance kam, na sallame shi."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.