Fetur a Gindin Tsamiya

A shekarar da soja suka miƙa mulki, an yi ta cewa wahalar mai ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Talle, ɗan acaɓa a Ƙofar Sauri, yakan yini a layin gidan mai, ɗan abin da ya samu ya adana a jarka cikin gida. Fetur kuwa man inji ne da ake tacewa daga ɗanyen mai. Mazauninsa tanki, ba tsakiyar iyali ba.

Wata magariba ya wanke injin babur ɗinsa, ya watsar da ragowar fetur ɗin a gindin tsamiyar gidan, ba bisimilla. Matarsa Rahmatu ba ta sani ba, ta juye garwashi a wurin. Wuta ta tashi, sannan wutar ta mutu. 

Daga ranar, da faɗuwar rana sai duwatsu su riƙa sauka kan kwanon rufi, ana jin shessheƙa daga tsamiya. 'Yarsu Muhsina ta daina cin abinci, tana zama gindin iccen tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jinjiri.

Aka kira Malam Sammani. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago kai.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai tsamiya," ta amsa da muryar babbar mace. "Sun ƙone mini ɗa. Da an ambaci Allah, da na ji na janye shi."

"Kuskure ne, baiwar Allah. Yarinya ba ta da laifi."

"Nawa ɗan fa, laifin me ya yi? Ɗa a bakin ɗa."

Rahmatu ta zube ƙasa. "Ni na zuba wutar. Ni ki ɗauka."

Aljanar ta jima tana kallonta.

"Na bar miki ita. Amma kada in ƙara jin warin man nan, ko a tufafin maigida. Ranar da na ji, zan dawo."

Malam ya dubi Talle. Da babur ɗin shi da iyalinsa suke ci.

"Na yarda," in ji Talle.

Muhsina ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Talle ya sayar da babur, ya koma dako a Babbar Kasuwa. Abin da yake samu bai kai ba, aka cire Muhsina daga makaranta.

Aljana ta kawo kukanta, an saurare ta. Masu ɓoye mai kuwa, da suka kulle famfon gidan mai har magidanta suka mayar da ɗakunansu ma'ajiyar wuta, babu wanda ya tuhume su. A tuhume su. A mayar da yarinyar nan aji.