Layar da Illo Ya Ɗinka

Wani sashe na labarin nan ya sulale mini, gara in faɗa tun farko. Ko shekarar casa'in da biyar ce ko da shida, ba zan rantse ba. Sunan yarinyar da ta kwanta ciwo ma na neme shi a kaina har na gaji. Amma abin da Illo mai gyaran agogo ya gaya mini a kan bencinsa yana nan daram.

Illo yana da ɗan tebur a bakin tashar Madarumfa, ƙarƙashin dogon yaro. A lokacin agoguna masu lamba sun cika gari, daga Jibiya ake shigo da su cikin kwali, kuma shi ya san cikinsu. Yakan ɗaga ɗan gilashin fuskar agogo ga rana ya yi wa duk mai son ji bayani. Gilashi biyu ne manne da juna, da wani ruwa a tsakaninsu da bai kai ɗigon hawaye ba. Ba shi da hasken kansa. Wata farar takarda ce mai sheƙi a bayansa take maido da hasken rana, kuran ɗin pil kuma, wato wutar batir, in ya shiga sai wuraren da aka zana su yi baƙi. A cire pil, su washe. In duhu ya yi kuwa ba ka ganin komai, ko da agogon yana aiki.

Yana da ɗan'uwa, Sule, wanda nono ya haɗa su. Uwar Sule ta rasu yana da kwana arba'in, sai Halima uwar Illo ta ɗauke shi ta haɗa su biyun a ƙirjinta. Sule ya tashi da zaƙin baki da ƙin wahala. Ya gwada kamun kifi a tabkin garin, ya gwada lambu, daga ƙarshe ya kafa bukka a bakin ruwa ya ce shi duba yake yi.

Wata rana ya zauna a bencin yana kallon gilashi na baƙi yana washewa.

"Ɗan'uwa, sa mini wanga abu cikin laya mana. In na danna ya yi baƙi, in na saki ya koma."

"Ka yi mi da shi?"

"Matan gidan biki zan ba tsoro. Kai ai ba ka san wasa ba, kullum kai a duƙe kamar kaza kan tsaba."

Illo ya yi dariya. Ya ciro gilashin wani mataccen injin lissafi, ya haɗa shi da siririyar waya da ƙananan pil biyu, ya ɗinke cikin jar fata, ya bar ƴar taga. In an matse kusurwar layar sai baƙin zane ya fito kamar sarƙa.

Ya ce, "Kar ka daɗe kana dannawa. Cikin agogo wutar juyawa take gaba da baya, nan kuwa hanya ɗaya take bi. In ka matsa mata, tabo za ta bari."

Watanni suka wuce, har ya manta.

Ranar wata Talata, la'asar ta yi sanyi, Illo yana rufe akwatinsa zai kai wa wani malamin lakwal, makarantar boko, agogonsa, sai ga ƙanwarsa Zainabu, mayafi a hannu. Ta durƙusa kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, tashi. Sun ce Inna ce."

"Ita ce mi?"

"Ɗiyar Audu mai kifi da ke kwance. An kira Sule da hantsi, ya zo da wata jar laya mai ido. Aka dinga kiran sunayen matan unguwa, ba ta motsa ba. Da aka ce Halima, ta yi baƙi. Kowa ya gani. Sun ce Inna ta kama kurwar yarinyar. Gobe da safe gaban mai unguwa za ta tsallaka ta."

Wanda bai san al'adar ba, ga yadda take. Wadda ta tsallaka mara lafiya ta amsa maita ke nan da ƙafarta. Wadda ta ƙi, a ce ta ƙi sakin kurwa. Ko ta ina, suna ya ɓaci.

Illo ya iske uwarsa a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "Makon jiya na iske Sule a kasuwa mutane sun kewaye shi. Na ce, Sulen da na wanke wa kashi, yau shi ke ganin aljannu? Aka yi dariya. Wasa na yi da ɗana, Illo."

"Inna, layar nan ni na yi ta. Waya ce da pil. In na farke ta gaban mai unguwa, magana ta ƙare."

"Bari sai da safe. Almuru ta yi."

Kafin safe Sule zai iya ɓoye ta. Illo ya ja kekensa.

Hanyar bukkar ta cikin lambuna take bi. Rana ta yi ja ta zauna a kan ruwa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar albasa, sannan warin taɓo da ƙarnin kifi. Masunta sun riga sun jingine gorunan da suke hawa ruwa da su sun tafi. Kwaɗi sun fara. Can bayansa aka kira magariba a gari, bai tsaya ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya mallaki hankalinsa.

Bukkar zana ce a gindin wata kanya, taku ashirin daga ruwa. Ya jingine keke. Ya yi sallama sau biyu. Shiru.

Ya sunkuya ya shiga. Warin turaren da ya mutu, da wani wari a ƙarƙashinsa irin na tsohuwar rijiya. Layar tana kan tabarma, ita kaɗai, kamar an ajiye masa. Ya ɗauka, ya sa ƴar wuƙarsa ya farke ɗinkin. Ya zaro gilashin. Ya zuba pil ɗin biyu a aljihu. Ya juya gilashin wajen ƙofa inda sauran haske yake, sai ya ga tabon sarƙar ya zauna dishi-dishi. An danna ta ba sau ɗaya ba, an kuma daɗe ana dannawa.

A lokacin ya lura kwaɗin sun yi shiru. Dukansu.

"Ka zo, ɗan'uwa."

Muryar Sule ce, cikin raɗa, daga bayansa. Ta wajen da babu ƙofa.

Illo bai juya ba. Ba ya son ganin fuskar.

Ya ce, "Nonon da ka sha, Sule."

"Dubi hannunka."

Gilashin yana yin baƙi. Daga gefe ya fara, yana malalowa kamar tawada a ruwa. Ba wuraren zane kawai ba. Ko'ina. Illo ya san kuran ba ya yin haka. Ya lalubi aljihunsa. Pil biyu suna nan, sanyi ƙalau.

Hasken ƙofa ya ɗauke. Bai kamata ya ga komai ba. Amma yana ganin baƙin, don ya fi duhun bukkar duhu.

A bayansa ruwa na ɗiga a kan tabarma. Ɗis. Ɗis.

"Sule bai iya kira ba, amma kullum yana kira. Mun gaji da jinsa, muka zo."

Muryar Sule ce har yanzu. Sai dai babu jan numfashi tsakanin kalmomin.

"An ba mu suna gaban shaidu. Halima."

Da ƙyar Illo ya motsa leɓe. "Ƙarya ce. Waya ce da pil. Ni na haɗa."

"Mun sani. Amma suna an bayar. In ba ka son wancan, ba mu wani. Faɗa wa gilashi. Ɗaya tak."

Sanyi ya taɓa ƙeyarsa, kamar an ɗora jiƙaƙƙen tsumma.

Sunan Sule ya zo da kansa. Ya hau harshensa ya zauna. Illo ya gaya mini ba muryar ce ta fi ba shi tsoro ba. Daɗin da sunan ya yi masa a baki ne. Ya tuna hannun uwarsa a cikin wake. Harshensa ya taɓa haƙori.

"Faɗi."

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, ta gudu. Ya nemi Falaƙi da Nasi, babu.

Gilashin nan shi ne shaidarsa ta gobe. Ba shi da wata.

"Faɗi, ɗan'uwa. Shi bai yi jinkiri haka ba."

Bisimilla kaɗai ta rage masa. Ya yi ta, ya sa manyan yatsunsa biyu ya karya gilashin.

Ƙas.

Wani abu ya yi nishi irin na saniya. Zanar bukkar ta lotso ciki. Illo ya faɗa ƙofa da kai, ya tashi, ya bar keken inda yake.

Ya ratsa albasa. Ya faɗi a kwari, ya tashi.

Babu sawu a bayansa. Ɗigar ruwan kawai. Ɗis. Ɗis. Ba ta matso ba, ba ta ja baya ba.

Sai da hayaƙin tuwon gidajen bakin gari ya doki hancinsa, ya ga fitilar farko, sannan ɗigar ta ɗauke. Kwaɗi suka ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Da safe ya tsaya gaban mai unguwa da pil biyu a tafin hannu da yankakken yatsa. Ya faɗi yadda ya ɗinka layar, bai ɓoye komai ba. Aka saurare shi har ƙarshe. Sannan Audu mai kifi, wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ya ce, "Ɗa ai ba zai ƙi uwarsa ba. Ina layar?"

Aka aika bukkar. Keke yana nan jingine. Babu fata, babu ɓallin gilashi, babu Sule.

Halima ta gyara mayafinta ta ce, "Ban kama ba, ba ni tsallakawa." Ta juya ta tafi gida.

Yarinyar an kai ta asibitin Maraɗi, ta kuma warke. Amma hakan bai maido da komai ba. Mata suka daina sayen daddawar Halima, suna janye ƴaƴansu daga ƙofarta. Kafin a yanke gero ta tattara ta koma Safo wajen ƙanenta, can ajali ya same ta. Illo ya daina taɓa agogo mai lamba, sai mai hannu. Abu ɗaya ya riƙe yana lallashin kansa da shi. Yakan ce wataƙila abin nan ya riga ya shiga layar tun da hantsi, wataƙila ba yatsan Sule ne ya baƙanta ta ba. Ya faɗa mini haka fiye da sau ɗaya, yana duban fuskata.

Bayan shekaru yawo ya kai ni kasuwar Jibiya, na iske Sule a rumfar masu igiya, ya rame, furfura ta fito masa. Ya gane ni. Na tambaye shi inda yake da magaribar nan. Ya ce tun azahar ya bar Madarumfa, don da ya koma bukka ya ajiye layar sai ya ga tana baƙi a kan tabarma ba wanda ya taɓa ta. Direban da ya ɗauko shi yana tashar, na same shi, ya ce haka ne, shi ya tsallako da shi iyaka rana tsaka.

Na koma rumfar na yi masa tambaya ta biyu. Ya daɗe yana murza igiya a cinyarsa.

Ya ce, "Malam, da hantsin nan babu kowa cikin layar. Ni na danna."