Takardar Yamai

"Kada ka taka mini tabarma, Zakariya'u!"

Mina ta miƙe tsaye, hannunta a kan ɗinkin da ke wuyanta. Kwana goma sha biyu ke nan da aka cire mata ƙari, kwana goma sha ɗaya da uwarsa ta zo ta kwashe akwatunan aure.

"Hasken idona, ki saurare ni..."

"Ni ce hasken? Innarka ta tsaya a tsakar gidan nan ta ce ciwon daji ne! Wai ƙurar ma'adinin da ta kashe Babana ce ta biyo ni. Sadiya 'yar kawunka na bayanta, ta ɗora akwatina a ka, har da murmushi!"

"Sau nawa na kira ki? Kin toshe lambata."

"Na toshe! Ba kana asibitin ba da lokotoro ya yi bayani bayan ya yi mini aiki? Ya ce ƙari tsiro ne da ke fitowa a jiki, wani ba ya cutarwa, wani daji ne, sai an auna a Yamai a sani. Amma duk Arlit an gama ɗinka mini likkafani, kai kuma ka ɓace!"

Idanunsa jawur, leɓɓansa sun tsage.

"Abin da aka cire miki yana cikin kwalba, yana jiran motar da za ta kai shi, aka ce sai wani mako. Ni direba ne, Mina. Na roƙi lokotoro, na ajiye motar ma'aikata, na kai shi da hannuna. Can na zauna har sakamako ya fito."

Ya miƙo mata takarda a liƙe.

Mina ta zuba wa takardar ido.

"Me... me ta ce?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba?!"

"Ban buɗe ba. Daga tasha gidan waliyyinki na wuce, na ce wa Kawu Akoli ranarmu tana nan. Na karɓo akwatunanki, suna ƙofar gida. Inna ta daina amsa gaisuwata, zan ci gaba da gaishe ta. So nake ki san ba takarda na jira ba."

Hawaye suka zubo mata, ta share da ƙarfi.

"Da kanka za ka shigo da su. Ɗaya bayan ɗaya, unguwa na kallo!"

"To."

"Kuma ban huce ba."

"Na sani."

Ta daɗe tana kallon takardar. Can ta matsa gefe.

"Cire takalmi ka zauna. Tare za mu buɗe."