Kujerar Kusa da Hansatu

Ranar da labari ya zo cewa na samu gurbi a jami'a, gidanmu bai yi shiru ba sai bayan isha'i. Da 'yan taya murna suka watse, muka baje tabarma a tsakar gida, ni da ƙanwata Murja da Yaya Furera, 'yar yayar mahaifiyarmu, wadda ta gama wannan jami'ar tun ina firamare. An ɗauke wuta, sai fitilar ƙwai a tsakaninmu.

"Yaya, ki koya wa Shafa'atu yadda ake kama saurayi a can," in ji Murja.

"Ke dai bakinki ba ya hutu. Wurin zama za ta fara nema, ba saurayi ba." Yaya Furera ta rage hasken fitilar. "Ku matso. Ku yi bisimilla tukuna, don wannan ba tatsuniya ba ce. Da idona na ga rabinsa, rabin kuma mai shi ce ta gaya mini."

* * *

A zamaninmu babu waya a hannun ɗalibi. Labari wuri biyu ake samunsa: allon sanarwa, da bakin shugaban aji. Shi kuma a gaba yake tsayawa, ba lasifika. Ajinmu ya fi ƙarfin ɗakin lacca. Na gaba su ji, na baya su ji rabi, na bakin taga su ga baki yana motsi.

Shi ya sa ake kamun wuri. Ki zo da sassafe, ki ɗora littafi ko gyale a kujerar da ke kusa da ke, an san ta ƙawarki ce. Amma da ƙa'ida. Wadda ta kama miki yau, gobe ke za ki kama mata.

Hansatu ba ta da mai kama mata, don ba za ta iya ramawa ba. A wani ƙauye take bayan jami'a, ita da mahaifiyarta, Inna Tasalla, mai sayar da waina. Auta ce, kuma ita kaɗai ta rage wa tsohuwar. Sai ta taya ta suyar safe take fitowa. Kafin ta iso, ɗaki ya cika. A taga ta yi karatunta, littafi a kan gwiwa. An sauya ranar jarrabawa, ba ta ji ba. An raba tallafin karatu, sai bayan an rufe ta ji. Duk da haka babu mai kamo ta a ajinmu.

Hanyarta ta ratsa ta gonar gwaji ta jami'a, ta tsallake wani ɗan rafi. Muna shekarar ƙarshe ne, da damina. Dawa ta fi mutum tsayi.

Wata rana da almuru tana komawa gida. Kwaɗi suna ta kuka. Sai suka yi shiru, gaba ɗaya.

A bakin rafin akwai kututturen wata kuka da aka sare. Mace ce zaune a kai. Shigar ɗalibai, amma atamfar irin ta da ce. Babu jaka, babu littafi.

"Ke ce mai tsayuwa a taga," in ji matar.

"Ni ce."

"Ni ma a taga nake, ta ɗaya gefen. Na daɗe ina ganinki."

"Wane sashe kike?"

"Duk inda aka buɗe taga."

Hansatu ta ce wani abu ya tsaya mata a rai. Leɓen matar sai ya gama motsi, ya rufe, sannan maganar take isowa. Ta ɗauka gajiya ce.

"Gobe ki shiga ciki," in ji matar. "Layi na biyu. Na kama miki."

Washegari ina cikin ɗakin. Mutane har kan dandamali. Hansatu ta shigo tana raɓe-raɓe. A layi na biyu ga kujeru biyu babu kowa, ganyen kuka ɗanye a kan ɗaya. Mutane suna wuce su kamar bango ne. Ta ɗauke ganyen ta zauna.

A ranar shugaban aji ya yi sanarwa. Wata gidauniya ta ba sashenmu gurbi ɗaya na digiri na biyu a ƙasar waje. Mai so ya je ofis kafin a tashi aiki. Karon farko ke nan da labari ya iske Hansatu da zafinsa. Ta je.

Da yamma matar tana nan a kan kututturen.

"Kin ji?"

"Na ji. Allah ya saka da alheri."

"To ni fa? Kin san ƙa'ida."

"Ai ban isa zuwa da wuri ba, 'yar'uwa."

"Ba sai kin zo da wuri ba. Ni ba na shiga sai an kira ni. Ki bar mini kusa da ke. Har mu gama karatu."

Ku gane, babu wanda ya taɓa roƙon Hansatu wannan. Daɗi ya kama ta. Ta yi dariya ta ce, "Na kama miki."

Matar ta miƙe. Hansatu ta sunkuya za ta cire takalmi don tsallake ruwa. Laka ce ko'ina. Ga sawunta nan a jere. Ƙafafun matar kuwa ba su taɓa lakar ba. Tsakaninsu da ƙasa, yatsa zai shige.

Ba ta san yadda ta isa gida ba. Takalmin ma a can ta bar shi.

Murja, sakar mini zane. Ke kika jawo labarin.

Daga ranar, duk inda Hansatu ta zauna akwai wuri a gefenta. A aji, a ɗakin karatu, a motar haya. Baƙo ba ya ganin wurin, idonsa zamewa yake yi. Wanda yake ƙaunarta ne kaɗai yake gani.

Ni na fara zama. Na ga ƙawata ita kaɗai, na ce bari in taya ta hira. Kujerar da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi. Kafin a gama lacca haƙorana suna haɗuwa. Gefen jikina ya mutu kamar an danne shi da dutse. Sai da na kwanta a asibitin makaranta. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne.

Ba a daɗe ba Inna Tasalla ta zauna. Sun saba cin tuwo kwano ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Hansatu ta yi ta zamewa, yau ta ce ta ƙoshi, gobe ta ce karatu. Ran nan tana duƙe a kan littafi, tsohuwar ta zo ta zauna a gefenta tana yi mata fifita. Ni yarinya ce, na tashi. Ita kuwa har an fara kiran dangi. Da ƙyar ta miƙe, kuma hannunta na hagu bai ƙara ɗaukar tanda ba.

Hansatu ta koma bakin rafi, da rana tsaka.

"Uwata ce," ta ce. "Me ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. A kaina ta zauna. Jikinku ba ya ɗaukar namu."

"To ki koma dama, ki bar mata hagu."

"Ba ni da dama, ba ni da hagu. Kusa da ke kika ba ni."

"Na fasa."

Leɓen matar ya motsa. Maganar ta daɗe kafin ta iso, kuma da kuka a cikinta.

"Gidanmu aka sare aka yi hanya. Dangina suka tashi, ni na tsaya don ina son abin da ake faɗa a ɗakunan nan. Tun kafin a haife ki nake taga. Ke kaɗai kika ce in shigo. Kada ki mayar da ni."

Hansatu ta je wurin wani malami a cikin gari. Ya yi mata ruƙiyya, babu abin da ya motsa. Ya ce, "'Yata, ba a jikinki take ba, balle in fitar. A gefenki take, kuma da bakinki kika ba ta. Ki riƙe azkar. Ranar da kika ajiye karatu, alkawari ya ƙare."

Ta samu sauƙi a ranta. 'Yan watanni suka rage mu gama. Ta daure, ta raba kwano da mahaifiyarta, ta mayar da shimfiɗarta bakin ƙofa.

Sai aka kafa sakamako a allo. Ita aka ɗauka.

Mu muka kai labarin ƙauye da gudu. Inna Tasalla ta rangaɗa guɗa, ta rabar da wainar ranar kyauta. Hansatu tana tsaye jikin bango. Ita kaɗai ta san ma'anarsa: karatu bai ƙare ba.

Da mutane suka ragu ta durƙusa daga nesa.

"Inna, ni na fasa tafiyar nan."

"Kin fasa me?"

"Zan nemi koyarwa a nan. In zauna da ke."

"Ki zauna da ni? Ke da ko tabarma ba kya haɗawa da ni yanzu?" Tsohuwar ta ɗaga hannunta mai lafiya. "Dubi ƙunar mai. Tun kina goye nake tara ta. In kika fasa, ban yafe ba."

Za ku ce me ya hana ta faɗi gaskiya. Ba ku san Inna Tasalla ba. Da ta ji, tabarma za ta jawo ta zauna a wurin da gangan, ta ce aljanar ta fito su gwada. Kuma zama na biyu ba za ta tashi ba. Hansatu ta ce a ranta, bari in je in gama, in dawo in faɗa mata komai muna kafaɗa da kafaɗa.

Ranar tafiya na raka su tasha. Motar Kano ce, daga can za ta hau jirgi. Inna ta ɗinka sabuwar atamfa. Ta ƙullo daddawa da kuka da yaji a tsumma. Ba ta gaya wa kowa ba, ashe ta shirya rakiya har filin jirgi.

Hansatu ta shiga ta zauna jikin taga. Gefenta babu kowa. Inna ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa.

"Inna, ba nan ba."

"Ga wuri, 'yar auta."

"Na wani ne."

"Wa?"

Fasinjoji suka juyo.

"Ki shiga baya, Inna. Don Allah."

Tsohuwar ta tsaya da ƙafa ɗaya a mota. Ta dubi kujerar. Ta dubi 'yarta, da sabon gyale da jakar hannu. Sai ta shinshina hannun rigarta.

"Na gane," ta ce. "Ƙaurin mai nake yi."

"Wallahi ba haka ba ne."

"A'a, ba komai."

Ta sauka a hankali. Ta zagaya ta miƙa ƙullin ta taga.

"Allah ya kiyaye hanya, Malama."

Ba ta taɓa kiran ta haka ba. Motar ta tashi. Hansatu ta cusa gyale a baki.

Bayan nan na samu aiki a ofishin sashenmu. Sai in ga Inna Tasalla a gaban allon sanarwa. Ba ta iya karatu ba. Takan tare ɗalibi ta ce, "Ɗana, duba mini, ko an kafa labarin waɗanda suka tafi waje?" Su duba su ce babu, Baba. Ta yi godiya ta koma ta cikin gona.

Na ce mata, "Inna, Hansatu tana ƙaunarki." Lokacin ni ma ban san dalili ba.

Ta ce, "Ai ban ce ba ta so na ba. Girma ta yi. Ni na roƙa mata."

Damina ta biyu ta rasu. Hansatu tana tsakiyar rubutun kammalawa.

Ta ce ranar da ta fito daga gaban malamanta na ƙarshe, ta zauna a wani benci. Katakon gefenta ya yi ƙara, kamar mutum ya miƙe. Can sai murya ta iso. "Na gode. Na ji karatu." Shi ke nan.

Da ta dawo na je yi mata gaisuwa. Na same ta a ɗakin Inna, a kan tsohuwar tabarmarsu. A nan ta gaya mini duk abin da na gaya muku. Da ta gama ta dafa gefenta.

"Furera, zo ki zauna."

Na je na zauna. Tabarmar da sanyinta. Muka jira. Babu abin da ya same ni.

"Kin gani?" ta ce. "Babu komai. Yanzu kowa zai iya zama."

Sannan ta fashe da kuka.

* * *

A nan Yaya Furera ta ƙare labarin. Murja, da ba a raba ta da magana, ta cusa kai tsakanin gwiwoyinta.

"Tana nan har yanzu?" na tambaya.

"Hansatu? Tana koyarwa. Wataƙila ma ta koyar da ke. Ki gaishe ta da ladabi, kada ki nuna kin sani."

"Ɗayar nake nufi."

"Kututturen yana nan." Ta kama hannuna ta matse. "Shafa'atu, ki ji ni da kyau. Hanyar gonar nan, kada ki bi ta ke kaɗai, ko da rana tsaka ce. In kin ga kujera a gaba babu kowa alhali ɗaki ya cika, ki wuce. Gara ki tsaya a taga. Labarin da ya wuce ki, wani zai zo."

Ta hura fitilar ta ce mu tashi mu kwanta.

Ban bi su ɗaki ba. Na leƙa wurin Umma, na same ta a kan sallaya tana jan carbi. Na zauna na manna kafaɗata da tata.

"Ke lafiya? Duk faɗin ɗakin nan?"

"Lafiya lau, Umma."

"To matsa mana, zafi ake yi."

Ban matsa ba.